Tocilar Dadda Bassu

Shekara ashirin da uku ina gyaran rediyo da wayar salula a kasuwar Jorf, kuma a duk tsawon lokacin nan yayana Bassu bai taɓa zama a shagona ba sai ranar da ya kawo mini tocila. A wurinsa sana'ata ba sana'a ba ce. Namiji ya zauna a inuwa yana tsikarar ƙarfe da tsinke, in ji shi, wannan ai kitso ne. Ni kuma ina ce masa gafiya, tunda rabin rayuwarsa a rami ya yi ta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Dadda nake ce masa yadda ake kiran babban wa a wurinmu, ba mu taɓa faɗan da ya kwana ba, ba mu kuma taɓa zama minti goma ɗaya bai soki ɗaya ba.

Bassu shi ne mai yashe khattarar ƙauyenmu. Ruwan da dabinonmu ke sha ta ƙarƙashin ƙasa yake tahowa tun daga gindin duwatsu, ta dogon kwararon nan da kakanni suka haƙa, shi ne khattara, kuma kowane taku ashirin akwai rijiyar da ake sauka ta cikinta a kwashe laka. Mahaifinmu ya yi aikin har ƙarfinsa ya ƙare, Bassu ya gada. Ni sau ɗaya na sauka ina saurayi, na fito ina amai, Baba ya ce a kai ni wurin mai rediyo tunda ba ni da amfani.

A kakar waccan shekarar an yi ambaliya, ta cika rijiyoyi da yawa da laka, ruwa ya tsaya cak. Wata guda ana aiki ba a kai rabi ba, ganyen dabino ya fara sauya launi. A cikin wannan halin ne Bassu ya shigo, ya zauna a kan akwatin da nake ajiye matattun wayoyi, ya ajiye mini wata 'yar jar tocila ta roba, irin ta dirhami ashirin ɗin nan da ake shanyawa a ƙasa ranar kasuwa.

"Zayid, kai da ka ce ka iya gyaran komai."

"Ban ce komai ba, Dadda. Na cire hali."

"Wannan ta tsufa. Haskenta ya koma kamar shayin da aka tafasa sau huɗu."

Na kunna ta a ƙarƙashin tebur. Lafiyarta ƙalau, batiranta ma sababbi ne. Na ɗago na dubi yayana da kyau, abin da na daɗe ban yi ba, sai na ga yanar ido ta rufe masa na dama fari fat, ta fara kama na hagu. Na miƙa masa kofin shayi, hannunsa ya wuce kofin da kamar yatsa biyu kafin ya lalubo shi. 

"Ba tocilar ba ce, Dadda."

"Na tambaye ka?"

"Yanar ido ai yanzu ba komai ba ce. A asibitin Rashidiyya da safe za a yi maka, da yamma kana gida kana zagin mutane."

"Bayan an buɗe ruwa."

Sai da ya shanye shayin kafin ya faɗa mini sauran. A makon da ya wuce bango ya rufta a wani wuri da shi da bakinsa ya ce lafiya lau ne. Ba wanda ya ji ciwo, amma aikin kwana uku ya tafi a banza. Si Mbarak, sarkin ruwanmu, ya faɗa a ƙofar masallaci cewa in abin ya ci gaba za a ɗauko wani mai yasa daga wani ƙauye. Tsaguwar bangon tana nan, in ji Bassu, shi ne bai gan ta ba.

"Shekara arba'in ina cikin ramin nan," ya ce. "Ba na so baƙo ya ƙarasa shi ina zaune a bakin ƙofa ina korar ƙuda. Ka ƙara mata haske kawai. Sati uku nake nema. Kai ma'allam ne, ka san yadda za ka yi."

Ma'allam, wato gwanin sana'a. Tunda uwarmu ta haife ni bai taɓa kirana gwanin komai ba. Zan so in ce tausayi ne ya sa na karɓi tocilar nan, kuma akwai tausayin, amma kalmar nan ce ta fi shiga raina. Kaina ya kumbura har ban ji sauran abin da yake faɗa ba.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, kowane mai gyara ya san shi. Irin wannan tocila tana da ɗan ƙaramin ƙwai da ƙananan batira uku, a tsakaninsu kuma akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, rezisto muke ce masa, aikinsa ya hana wuta zuwa wa ƙwan da yawa. Na cire ƙwan na sa babba da na kwance daga wata fitilar mota. Na cire rezisto na haɗe wurin da dalma. Ƙananan batiran ba za su iya ciyar da wannan ƙwan ba, don haka na fasa batirin wata tsohuwar laftof na zaro ɗaya daga cikin dogayen da ke ciki, na fafe cikin tocilar har ya shige. Batirin yana da 'yar loɓawa a gefe, rigarsa ta roba ta yage a wuya. Na gani. Na naɗe wurin da salatif na ce ai sati uku ne.

Da na kunna, sai da maƙwabcina mai sayar da zaitun ya leƙo ya ga abin da ya faru. Na ga ƙurar da ke bayan kantata da ban san da ita ba, na ga gidan gizo-gizo a saman rufi zare-zare. Na riƙe ta ina kallon agogo. Minti uku, ta yi ɗumi. Minti biyar, sai na sauya hannu. A minti na bakwai robar ta fara wari, na kashe.

Duk wanda ya san aikin ya san me wannan ke nufi. Ƙwai mai wannan ƙarfin yana buƙatar jikin ƙarfe da zai sha zafinsa, batiri irin wannan kuma yana buƙatar abin da zai katse shi in ya wahala, in ba haka ba wata rana sai ya fashe da wutar da ruwa ba ya kashewa da sauri. Na san duk wannan kamar yadda na san sunana. Mai hankali zai jefa ta a akwatin matattun wayoyi. Ni sai na goge ta da tsumma na kai masa gida.

"Minti biyar, Dadda, ka kashe ta huta. Kada ka wuce. Kada ta jiƙe, kada ta bugu da dutse, kuma ni kaɗai zan riƙa yi mata caji."

"Tocila ce ko amarya?"

Ya shiga ɗakin ajiyar dabino inda ba taga, ya ja ƙofa. Na ji ƙarar makunni. Ya daɗe a ciki. Da ya fito yana ta ƙifta ido, bai ce na gode ba, don ba ya cikin kalmominsa, amma ya ce wa matarsa Tuda ta zuba mini miya da naman a ciki.

Kwana goma abin ya tafi yadda ake so. Bassu yana cusa tocilar a naɗin rawaninsa ta gefen hagu, wajen idon da ya fi gani, hannayensa biyu suna aiki. Ya gano tsaguwa biyu da ba wanda ya gani, aka tokare su, Si Mbarak ya daina maganar baƙo. Kullum da yamma tocilar tana zuwa shagona caji, da safe ta koma. Mutum huɗu suka zo su ma a yi musu irinta, na ce sai an buɗe ruwa, ina ja musu aji. Na lura da wani jan tabo a gefen goshin yayana, na tambaye shi.

"Ita ce agogona," ya ce. "Da ta fara gasa ni na san biyar ɗinka ta cika, sai in kashe in huta. Ba a taɓa ba ni hutu a ramin nan ba sai da ka zo da amaryarka."

Wata ranar Juma'a ina cin abinci a gidansu, Tuda ta tare ni a tsakar gida, ta rage murya.

"Zayid, kyandirorin da na saya masa tun farkon wata suna nan a kwalinsu. Guda ɗaya kawai ya ɗauka, shi ma kullum in na wanke rigarsa ina samunsa a aljihu, lagwaninsa fari."

"To Lalla Tuda, ai sauƙi ya zo miki. Ki ajiye su na Mauludi."

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ni ɗan mai yasa ne, a gidan da aka haife ni maganar kyandir ba abin wasa ba ce, amma ranar ban ji komai a maganarta ba sai tsegumin mata. Wannan ne wurin da nake yawan komawa in na kasa barci.

Ga yadda ake yi tun kafin a haifi kakanmu. Mai sauka yana ɗaure igiya a ƙugu, yana kai ƙasa ya kunna kyandir ya kafa a ƙasan rijiyar, daidai inda na sama za su hango. Ba a kira, ba a ihu, don na ƙasa yana sauraron bango ne, ƙasa tana yin ƙara kafin ta zubo. Mai igiya aikinsa ya leƙa, ya ce wa sauran, "Wuta na raye." In iskar ramin ta ɓaci, kyandir ne ke fara ji, harshensa ya ƙanƙance ya yi shuɗi ya mutu tun mutum bai fara jiri ba. Da mai igiya ya ga duhu, ba tambaya, ja kawai ake yi. Baba ya sha faɗa mana cewa mugunyar iska ba ta da wari, ba ta da ciwo, barci kawai take sa mutum.

Kowane gida mai rabon ruwa yana ba da namiji ɗaya ranar da layi ya zo kansa. Ni shekara da shekaru ina zillewa, in gyara wa wani talabijin ya je a madadina. Wannan karon da kaina na tafi, har da sabon rawani. Ba son aiki ba ne. So nake in tsaya a wurin in ji ana yabon tocilata.

Rijiyar da aka kai ranar ta talatin da ɗaya ce, can sama kusa da duwatsu, mai zurfin gaba goma sha biyu. Shekaru tana rufe da faifan dutse, ambaliyar ta turo mata tarkacen ganye da abin da Allah kaɗai ya sani ta ƙarƙashi. Mu huɗu ne: Bassu, ni, Si Mbarak, da Ishu, wani ƙato mai yawan dariya da ya shekara goma yana riƙe wa Bassu igiya. Da hantsi muka ɗaga dutsen, muka kafa gungumen naɗe igiya a baki, muka bar ramin ya sha iska kamar rabin awa.

"Bassu, kyandir fa?" in ji Si Mbarak.

Yayana ya daki aljihunsa. "Yana nan, Si Mbarak."

Ya yi bismillah ya sauka. Muka sassauta igiya a hankali har ta yi laushi. Can sai ƙasan rijiyar ya haske fari tas, har ana ganin sawun diga a bango. Ishu ya leƙa ya yi dariya.

"Wuta na raye. Kai, wannan ai har ta yi ƙiba."

Daga baya na tambayi Ishu ko bai lura ba kyandir ba. Ya ce tun kwana na biyu Bassu ya daina kunnawa, don kusa da tocilar ko an kunna ba a ganinsa daga sama. Haske dai ake dubawa, in ji shi, ga haske kuwa ya ninka. Ba wanda ya ce a bar al'ada. Kullum ana leƙawa, kullum ana faɗin kalmar nan, abin da ake leƙawa ne kawai ya sauya ba wanda ya tsaya ya yi tunani.

Kwando uku na baƙar laka suka hau, muka zubar. Bayan na biyu hasken ya ɗauke, Ishu ya ce, "Hutun amarya," muka jira, ya dawo. Bayan na uku sai igiyar kwando ta tsaya. Wannan ba abin damuwa ba ne, Bassu yakan daɗe yana duba bango. Si Mbarak ya hura gawayi a inuwar tulin ƙasa ya ɗora shayi, ni kuma na buɗe baki. Na yi musu bayanin rezisto, na zana musu batiri a ƙasa da tsinke, na ce 'yan kamfani da gangan suke danne hasken don a sayi mai tsada. Si Mbarak ya ce ashe Allah bai yi asarar ɗan mai yasa ba. Na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina.

Aka zuba kofi na farko. Ishu ya leƙa. "Wuta na raye."

Aka mayar da buta kan wuta, aka ƙara sukari, aka yi gardamar ko dabinon bana zai yi kuɗi. Aka zuba na biyu. Ishu ya leƙa, ya dawo ya zauna yana hura kofinsa.

"Wuta na raye. Zayid, yau amaryarka ko hutu ba ta nema ba. Ka ƙara mata wani abu ne?"

Kofin yana bakina. Ban san lokacin da na ajiye shi ba.

"Tun yaushe take kunne?"

"Tun kafin kwando na uku."

Shayi biyu na Si Mbarak, wanda ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya fi kwatan awa. Ba fatar ɗan Adam da za ta jure tocilar nan minti bakwai, ni na riƙe ta, na sani. In har tana manne a goshin yayana tana ci bai kashe ba, to ba ya jin ta ne. Na rarrafa bakin rijiyar na leƙa. Hasken yana nan fari tas, yana kallon wuri ɗaya a bango, ko motsi ba ya yi.

"Ku ja."

"Wuta fa na..."

"Ishu, wannan wutar ba ta shaƙar iska. Ku ja."

Na ga lokacin da maganar ta shige shi, fuskarsa ta zube. Mu uku muka kama gungumen, har da Si Mbarak mai shekara saba'in. Igiyar ta yi nauyi irin na wanda ba ya taimakon kansa. Ina juyawa ina leƙawa, na ga hasken ya bar bangon ya fara lilo, yana zagaya rijiyar, don kansa ya langaɓe yana bugun gefe. Ina jin ƙarar robar a jikin dutse, ƙwas, ƙwas, kowane bugu a gefen batirin nan mai loɓawa. Ina cewa a hankali, ina kuma cewa da sauri, ban san wanne nake so ba.

Saura kamar gaba uku ya iso, farin hasken ya mutu. Sai wani huci kamar an zuba ruwa a mai, sai jan tartsatsi ya feso daga rawaninsa, hayaƙi mai ɗaci ya bugo mana fuska. Rawanin ya kama. Muka ƙarasa jan da ƙarfin da ban san muna da shi ba, Ishu ya cafko shi ta hammata, ni na fizge rawanin da hannu na jefar, yana ci a kan yashi yana tofar da wuta. Tafin hannuna har yau bai koma daidai ba, kuma ban ji zafinsa ba sai da yamma.

Leɓunansa sun yi shuɗi. Gefen fuskarsa na hagu ba zan kwatanta ba. Ishu ya danna masa ƙirji, Si Mbarak yana ta salati, ni ina durƙushe ina kiran Dadda, Dadda, kamar yaro. Can ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Da muka ɗaga shi za mu sa a motar Si Mbarak, kyandirin ya faɗo daga aljihunsa, lagwaninsa fari.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti a Rashidiyya. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta kira ni gefe ta ce idon hagu wutar ta cinye shi, babu abin da za a yi. Na dama kuma za a iya cire yanar, amma kada mu sa rai, don ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba isasshiyar iska, kuma wurin da ke karɓar gani ne ya fi taɓuwa. Ta tambaye ni wace irin fitila ce ta yi wannan. Na ce wata ce ta kasuwa. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ta fito mini da sauƙi har na ji kunyar kaina.

An cire yanar. Bai ga komai ba.

A ƙauye ba wanda ya zage ni, wannan ya fi zagi ciwo. Wasu ma cewa suke ni na cece shi, don ni na gane. Si Mbarak ya ce tsautsayi ne, ba a sa masa rana. Aka ɗauko baƙon nan daga wani ƙauye, ya sauka da kyandir, a rijiya ta talatin da ɗaya kyandir uku suka mutu masa kafin iskar ta gyaru. Bayan sati biyu ruwa ya iso gonaki, mata suka yi guɗa. Mutum huɗun nan da suka ce a yi musu irin tocilar, ɗaya ya dawo ya tambaya ko har yanzu ina yi, wai shi a gona zai yi amfani da ita. Na kore shi da zagin da sai da mai zaitun ya shigo ya riƙe ni.

Tuda ce kaɗai ba ta yi mini kara ba. Ranar da aka dawo da shi gida ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Garin neman gira mun rasa ido, Zayid. Na faɗa maka maganar kyandir ka ce in ajiye na Mauludi." Ba ta ƙara ba. Tun daga ranar tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake kiran sunana ba.

Shi kuwa Bassu ko sau ɗaya bai ɗora mini laifi ba. Na so ya yi. Na zauna kusa da shi na faɗa masa komai, loɓawar batirin, salatif, warin robar a minti na bakwai. Ya saurara yana murza carbi, ya ce shi ne bai kunna kyandir ba, kuma shi Baba ya koya wa aikin, ba ni ba.

"Ka san abin da na gani a ramin nan?" ya ce. "Sawun digar Baba. Yana da wani sara da yake yi a karkace, na manta da shi shekara ashirin. Da tocilarka na gan shi ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya ya yi. Idona ba mutuwa ya yi ba, Zayid, haske yake so mai ƙarfi. Hasken likitocin nan na yara ne. Ka yi mini wata."

"Dadda, likita ta ce..."

"Likita ta taɓa shiga rami? Ka yi mini wata, ka ƙara mata a kan waccan."

Na ce a'a. Ya sake tambaya washegari, da jibi, da duk ranar da na zo. Ya daina sukar sana'ata, wannan ma wani ciwon ne. Ya koma lallashi, yana kirana ma'allam, mutumin da ko uwarmu bai taɓa lallasa ba. Wata biyu ina cewa a'a. Daga ƙarshe na gaji, ko kuma ni ma na fara sa rai, ban sani ba.

Wannan karon na yi ta yadda ya kamata a yi tun farko. Na sayo mai jikin ƙarfe, da sabon batiri mai abin katsewa a cikinsa, na sa ƙwan a kan faifan da zai sha zafi, na bar ta kunne awa guda a kan tebur ina taɓawa. Ɗumi kawai ta yi. Haskenta ya ninka na waccan. Kwana biyu aikin ya ɗauke ni, kwana biyu kacal, kuma da su na yi rowa a karon farko.

Na kai masa bayan azahar. Ya ce mu shiga ɗakin dabino, inda ya gwada ta farko. Na riƙe hannunsa muka shiga, ya zauna a kan buhu, na ja ƙofa. Tuda tana tsaye a waje, ina ganin inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofar. Ya gyara zama, ya cire hular da yake rufe tabon da ita, ya buɗe idon dama sosai ya fuskanto inda yake jin numfashina.

Na kunna. Ɗakin ya zama rana. Na ga kowace ƙwayar dabino, na ga zaren buhu, na ga tabon fuskarsa da ban taɓa iya kallo da kyau ba. Na kai hasken daidai idonsa, kusa har na ji tsoro. Bai ƙifta ba. Yana zaune yana jira, da ɗan murmushi, hannayensa a kan gwiwa.

"To, kunna mana," ya ce.

Hasken yana zuba ta ƙarƙashin ƙofa a kan ƙafafun Tuda. Na ga sun matsa baya kaɗan, suka tsaya.

Na kashe a hankali yadda ba zai ji ƙarar makunnin ba.

"Batirin ne bai ɗauki caji ba, Dadda," na ce. "Bari in koma da ita shago."

"Kai dai har yanzu ba ka iya aiki ba," ya ce, ya miƙo mini hannu in tashe shi.